Kafin a ce CDI ne: kira ga masu babura da 'yan uwana makanikai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita barka da aiki, ya hidima da jama'a, Allah ya ƙara basira ya ba da lada. Ni mai gyaran babur ne a nan cikin garin Daura, ɓangaren wuta na fi ƙarfi wato riwaya, amma ina taɓa inji da kafireto, wato inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji, in ta kama. Dan Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu babura da kuma 'yan uwana makanikai akan wata matsala da take cinye kuɗin talakawa a banza, wato babur ɗin da yau zai tashi bugu ɗaya, gobe ka yi ta kik har gumi ya jiƙa maka riga ya ƙi, jibi kuma ya tashi kamar ba shi ba. A yi haƙuri da rubutun, a waya nake bugawa tsakanin aiki da aiki.

Kowa ya san babur shine ƙafar talaka a ƙasar nan tamu. Malamin firamare da aka tura ƙauye, ma'aikacin asibiti, mai kai madara da ƙwai, ɗan acaba da zai kai balas kullum ko ya samu ko bai samu ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura har saida ta wuce dubu a ƙarshen 2024, masu motoci da yawa sun jingine su sun dawo kan babur, kayan gyara kuma sun bi dala sun yi sama. To a irin wannan hali ace mutum ya sayi CDI, wato ɗan akwatin dake sakin wutar fulogi, da kwayil mai ƙara wa wutar ƙarfi da kafireto alhali ba ko ɗaya da ya lalace a ciki, wallahi akwai zalunci ko da ba da niyya akai ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya sha wahala da safe, ya turo babur tun daga unguwarsu har gareji yana haki, makanike ya hau ya buga kik ɗaya babur ya tashi. Mai babur ya fara rantsuwa wallahi tallahi ɗazu ƙi yayi. Shi kuma makanike kunya bazata barshi yace ban ga komai ba, kuma ya san in yace haka ko sisi bazai samu ba, sai ya ɗan saurari ƙarar inji ya girgiza kai yace CDI ne ya fara mutuwa. A sayo sabo a saka, babur ya tashi, to dama ai tashi yake, kowa ya rabu da kowa cikin farin ciki. Bayan kwana biyu abu ya dawo, sai ace to kwayil ne, daga nan kafireto, daga nan sai kaji ance sai an sauke inji. Kamar mai kemis ɗin da zaka ce masa kanka na ciwo ya haɗo maka na maleriya da na taifot da na olsa a leda ɗaya, wai ko wanne ne ai ɗaya zai dace.

Abinda nake so mutane su gane shine kayan da ya ƙone ya ƙone, baya farfaɗowa da rana ya sake mutuwa da asuba. Ciwon dake zuwa ya tafi kusan kullum ɗaya ne cikin ukun nan, ko wani haɗin waya ya saki yana taɓawa yana saki, ko datti da ruwa suna yawo a hanyar mai, ko kuma wani abu ne da zafi ke buɗe shi sanyi ya mayar. Ban ce CDI baya irin wannan wasan ba, yana yi in dalmar dake cikinsa ta tsage, amma a gani na shine na ƙarshe da ya kamata a zarga, mu kuma shi muke fara zargi don shine mai sauƙin cirewa kuma akwai ɗan abin da ake samu a kai.

Ni in aka kawo min irin wannan kafin in ɗauki sifana tambaya nake farawa da ita, har wasu su gaji suce Malam gyara na kawo ba hira ba. Da safe yake ƙi ko sai yayi zafi ka tsaya sallah ka dawo? Bayan ruwan sama ne ko bayan ka kai shi wanki? A ina ka sha mai na ƙarshe? In an tura shi a giya yana tashi? Wa ya taɓa maka wayoyi kwanan nan, an sa rimot ko cajar waya ko ƙarin fitila? Amsar waɗannan kaɗai tana rage min fiye da rabin wuraren da zan duba. Kuma ina roƙon masu babura, tunda yanzu kusan kowa da waya mai kyamara a aljihu, lokacin da ya ƙi tashin ka ba yaro ya ɗauki bidiyo kana bugawa, a ji ƙarar a ga fitilun gaba, wannan yafi min rantsuwa goma amfani.

Masu sitata irin su roba-roba da Haojue da Daylong nasu yafi sauƙi. In ka danna maɓalli shiru, ko kaji ƙas kawai, amma ka buga kik ya tashi, to ka bar zancen fulogi da kafireto gaba ɗaya, matsalar tana tsakanin batir da sitata. Ka kunna ki ka danna ham, sannan ka danna sitata kana riƙe da ham ɗin, in muryar ta shaƙe ta mutu to ko batir ya yi sanyi ko kan batir ya saki. Sau tari kan batir ne, zaka ga wani farin gari ko kore-kore ya taru a wurin, a wanke da ruwan zafi a goge da samfefa a ɗaure tamau a shafa ɗan giris shikenan. In akwai mita, lafiyayyen batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6, in ya sauko 12.2 ya kai rabi, lokacin da ake danna sitata bai kamata ya faɗo ƙasa da 10 sosai ba, in kuma inji na aiki aka ɗan ja totur ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba to babur ɗin ne baya caji, a duba rektifaya, wato mai daidaita wutar caji, da wayoyinta, ko sabon batir ka saka sati biyu zai kwanta kace an sayar maka da jabu. A duba gidan fiyus ma, ƙarafunan dake riƙe shi suna buɗewa da girgizar hanya, kuma dan Allah a daina naɗe fiyus da takardar kwalin sigari, ranar da waya ta haɗu babur ɗin ne zai kama wuta a maimakon fiyus na 'yan nairori. In kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin sitata da gindin sukundireba ta juya, burushinta ne ya cinye, ana canza burushi kaɗai ba sai an sayi sitata sukutum ba.

Amma yawancin Boxer ɗin 'yan acaba da tsofaffin Jincheng kik ne, kuma anan ne rigimar take. Akwai abu ɗaya da yara da yawa a gareji basu sani ba, CDI iri biyu ne. Akwai wanda ke samun wutarsa kai tsaye daga kwayil ɗin cikin magineto, wato abin dake samar da wuta in inji na juyawa, wannan ko ba batir a jikin babur zai tashi, akwai kuma mai cin wutar batir, shi in batir ya yi sanyi ko fiyus ya saki ko ka kwana kana kik bazai ba da wuta ba. Wani lokacin soket ɗinsu kama yake yi, sai a ɗauko wancan a cusa a wannan, ko ya ƙi aiki ko ya ƙone, sai ace kaya ne ba kyau.

Gwajin wuta dole sai a lokacin da babur ya ƙi ake yinsa, in ya riga ya tashi ba abinda zaka gani. Shi yasa nake cewa kowane mai babur ya ajiye sifanar fulogi da fulogi ɗaya mai kyau a ƙarƙashin kujera. Ka kwance fulogi ka mayar dashi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin da ka ciro shi kuma ka tabbata ba fetur a zube a wurin, ka riƙe ta wajen robar, ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tas tas ita ake nema. In ja ce mai rauni ko tana zuwa tana ɗaukewa ko babu sam, to ɓangaren wuta ne. Shi kansa fulogin yana ba da labari in ka kalle shi, in ya fito a jiƙe yana warin fetur to mai na zuwa wuta ce babu ko kuma ya sha mai ya yi yawa, in ya fito a bushe ƙayau bayan ka yi ta bugu to mai ne baya isowa, baƙi mai kama da baƙin tukunya mai yayi yawa iska tayi kaɗan, baƙi mai maiƙo baƙin mai ne ke haurowa wato ringi ya fara gajiya, fari fat kuma an matse mai da yawa. Mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake. Irin fulogin ƙananan baburan nan kamar C7HSA tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita ce, kuma jabunsa ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya, in kaji araha tayi yawa ka ajiye.

Hular fulogi ma abin dubawa ce, murɗa ta ake yi a jikin wayar kwayil, da daɗewa bakin wayar sai ya ci wuta ya yi baƙi ya saki. A yanke kamar santimita ɗaya a sake murɗawa, na sha ganin babur ɗin da aka yanke wa hukuncin sabon kwayil ya warke da wannan. In hular ta tsage kuwa da rani lafiya lau, ranar da akai ruwa a watan Agusta ko aka kai shi wajen masu wanki da injin feshi sai wutar ta bi danshi ta gudu jikin inji.

Bari in ba da misalin wani malamin makaranta dake koyarwa a wani ƙauye ta hanyar Zango. Ya zo min da leda cike da kayan da aka cire masa, CDI da kwayil da fulogai, har kafireto an canza, albashinsa ya tafi a kai kuma har hedimasta ya fara yi masa kallon mai ƙaryar makara. Nace yaushe yake ƙi, yace da safe in zai fito daga zaure, da kuma in an tashi daga makaranta, amma abin mamaki in ya gaji ya fara tura shi zuwa wajen gyara sai ya gwada a hanya ya tashi. Nace in ka ajiye kana kulle kai? Yace kullum. Na ta da babur na barshi yana sulo, na juya kai dama ba komai, na juya hagu har ƙarshe sai inji ya yi tari ya mutu. Na miƙe kai na buga ya tashi, na sake juyawa ya sake mutuwa, malam ya riƙe baki yana salati. Muka cire fitilar gaba muka warware baƙin salatef ɗin dake naɗe da damin wayoyi daidai wuyan babur inda suke lanƙwasa, sai ga waya ɗaya robarta ta goge saboda gugar ƙarfe har jan ƙarfen ya leƙo, ba ta fi ƙwayar gero ba wurin. Ita ce wayar da makunni ke amfani da ita ya kashe inji, aikinta kenan in ka kashe ki ta haɗa wutar da jikin babur, to ita kuma ta samu hanyar haɗa kanta duk sanda kai ya koma hagu. Shi kuma malam a inda ya ajiye yake buga kik kai na karkace, in ya fara turawa dole ya miƙe kai. Bazan faɗi launin wayar a jarida ba don ɓarayin babur ma suna karatu, makanikai sun santa. Dalma da ɗan tiyo muka sa, aka canza mata hanya.

Wannan gwajin kowa zai iya yi a ƙofar gidansa, babur na sulo ka juya kai hagu da dama, ka bi wayoyi kana ɗan girgiza su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa soket ɗin CDI, ka girgiza ki a cikin makunni, duk inda ka taɓa inji ya canza murya to nan ne. Wani lokacin wayar a ciki take karyewa roba na nan lafiya, sai ka ja ta kaji tana miƙewa kamar danƙo. A duba wayar at ma, wato mai mayar da wuta jikin babur, inda aka ɗaure ta da jikin firam, tsatsa na shiga ƙarƙashin noti.

Sai kuma babbar masifa, rimot da makunnin ɓoye da ake sawa saboda ɓarayi. Ban hana ba, satar babur tayi yawa kuma dole mutum ya kare dukiyarsa. Amma yadda ake sawa ne, a fere waya da haƙori a murɗa da hannu a naɗe da ledar fiya wata, ba dalma ba komai, a ƙara cajar waya da fitilu masu walƙiya da sifika duk a jikin waya ɗaya. Wata shida ana bin hanyar Baure ko Sandamu da ramuka da yashi ai dole ya saki. Duk babur ɗin da aka kawo min mai wannan ciwon in naga rimot to shi nake fara cirewa gefe in mayar da wayoyi yadda kamfani ya yi su, in gani ko ciwon zai tafi.

Wanda kuma yake tashi lafiya da safe amma in yayi zafi aka kashe sai ya huce kamar minti ashirin kafin ya yarda, a gwada wuta yana da zafin. In babu, in ya huce kuma ta dawo, mafi yawa kwayil ɗin cikin magineto ne ko ɗan fikof ɗin dake gaya wa CDI lokacin sakin wuta, siririyar wayar dake naɗe a ciki ta tsinke, zafi na buɗa ta sanyi na haɗa ta. A auna da mita yana sanyi a sake aunawa yana zafi, a kwatanta da na wani babur irinsa mai lafiya.

Ɓangaren mai kuwa mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sani. Tun Nuwamban 2019 da kwastan suka hana kai fetur gidajen man dake cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen wajen Mai'adua da Kwangwalam suka koma hannun 'yan bumburutu, a 2021 kuma gwamnatin Masari ta Jihar Katsina ta hana sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro, mai ya ƙara shiga lungu, sannan kowa ya tuna gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo dashi daga Beljiyam a Fabrairun 2022 wanda ya kwantar da motoci ya jawo dogon layi. Ni ban zagi 'yan bumburutu ba, abincinsu suke nema kuma sun sha fitar damu kunya da daddare, amma man da ya kwana a jarka ya bi galan ya bi mazurari a bakin titi cikin ƙura da damina, dole a samu ruwa da yashi a ciki. Ruwa yafi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, shi yasa wani zai ce maka duk sanda ya juya kan mai zuwa rizab, wato man ajiya, babur ke fara iskanci, to rizab ai daga can ƙasa yake ja. Ɗigo ɗaya in ya zauna a bakin jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto, ya isa ya hana tashi, in aka girgiza babur ya matsa sai ya tashi. Gwajin ba wuya, akwai ɗan noti a gindin kafireto, a kwance a tari man a farar gora a ajiye minti biyu, in da ruwa zaka ganshi ya kwanta a ƙasa yayi layi. A zubar, a wanke ɗan kofin dake ƙarƙashin kan mai, in abin yayi yawa a sauke tanki a ɗauraye. In sulo jet ya toshe a busa da iska ko a sa silin jan waya guda ɗaya mai laushi, banda allura, allura na faɗaɗa ramin daga nan babur ya koma shan mai har abada.

Akwai wani bawan Allah mai kai kaji kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, kullum babur ɗinsa sai ya mutu kusan wuri ɗaya a hanya, ya sauka ya buɗe tanki ya leƙa yaga mai na nan, ya rufe ya buga ya tashi. Har an fara ce masa wurin ne ba lafiya ya dinga addu'a in zai wuce. Addu'a kam a yi ta kullum, amma da na buɗe murfin tankin sai naga ya shimfiɗa leda ninki biyu a ƙarƙashi wai don kar mai ya dinga zuba in ya cika shi. Murfin nan yana da ɗan ƙaramin rami da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka, in ya toshe sai tanki ya riƙe man ya hana shi gangarowa, kuma tafiyar da zai yi kafin hakan ta faru kusan ɗaya ce kullum tunda daga gida ɗaya yake tashi da cikakken tanki. Buɗewar da yake yana leƙawa ita ce maganin bai sani ba. Duk wanda babur ɗinsa ke mutuwa a tafiya ya kasa kunne lokacin buɗe murfi, in yaji fuuu na iska to an gama bincike.

Wani abin da tsadar mai ta kawo shine kowa yazo sai yace a matse min mai. Ana matsewa har a wuce ƙa'ida, babur ya dinga wahalar tashi da safe, yana mutuwa a sulo, inji na zafi fiye da kima, abinda ka tara na fetur ka mayar wa mai fistan da ringi. Da hunturu kuma daga Disamba zuwa Janairu a ja cok ba laifi bane, don haka aka yi shi, sai dai a tuna a mayar in inji ya ɗumama, masu mantawa su ne fulogi ke yi wa baƙi. In kuma ka yi ta bugu har ya sha mai, ka mayar da cok ka buɗe totur gaba ɗaya ka yi kik kamar sau biyar zuwa goma zai share kansa. Soson iska a lokacin ƙurar nan a dinga wankewa akai akai a ɗan shafa masa baƙin mai a matse, masu cire shi su yar wai babur yafi gudu, yashin Daura suke ɗura wa injinsu.

In wuta na nan mai na nan, to a ji nauyin kik. In yayi laushi yana tafiya salamun alaikum ba turjiya to matsi ne ke zurarewa, kuma kafin ace ringi a duba bawul, wato ƙofar da mai ke shiga hayaƙi ke fita, in ya matse baya rufewa ruf sai babur ya dinga wahalar tashi. Ana saita shi ne inji na sanyi, a irin ƙananan injinan nan tazarar wajen 0.05 na milimita ce amma a duba ta kowane samfuri. Mu kuma da reza muke aunawa a gareji da yawa, ita reza kaurinta ya kusa ninka haka, fila geji, wato ainihin ma'aunin tazarar, kuma ba wani tsada ne da ita ba.

Malam Edita in za a faɗi gaskiya laifin ba na makanikai kaɗai bane. Mai babur zai biya dubbai a sayo kaya ba gardama, amma in ka ɓata awa biyu kana bin waya ka gano inda ta goge ka ɗaure, kace ya kawo kuɗin aiki sai yace haba dai me ka saka a ciki, ba salatef kawai ka naɗa ba? To yaron da yaga haka me zai koya, zai koyi cewa canza kaya ke kawo kuɗi bincike kuwa asara ne. In ana so a daina wannan sai masu babura sun yarda su biya kuɗin dubawa daban. Mu kuma makanikai mu iya cewa Alhaji ban gani ba tukuna, bar min shi ya kwana in gwada shi da asuba, ko ka kira ni duk inda ya ƙi in zo in same shi a haka. Kowane gareji ya ajiye CDI da kwayil masu lafiya na gwaji, a ɗaura wa mutum ya yi kwana biyu dashi, in ciwon ya tafi ya saya in bai tafi ba ya dawo dashi, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, in ka canza uku tare ko ya warke baka san wanne bane. Duk abinda aka cire a miƙa wa mai shi a hannu, kar a jefa a akwati gobe a sayar wa wani a matsayin kwance.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai da su nemi haɗin kai da makarantun da Allah ya kawo mana, ga Foliteknik ta tarayya a nan Daura, ga Jami'ar Sufuri, ga kuma ƙauyen koyon sana'a na matasa a Katsina, a shirya wa yaranmu ɗan gajeren horo ko na sati biyu ne da Hausa akan yadda ake riƙe mita da karanta zanen wayoyi. Sabbin baburan dake shigowa wasu ba kafireto a jikinsu sai famfon mai da na'ura mai ƙwaƙwalwa, waɗannan ba'a gyara su da taɓa waya a harshe ko goga ta a firam a ga tartsatsi, yin haka ma ƙona su yake.

Ku kuma jarida dan Allah a ware mana ko rabin shafi ne a sati na masu sana'ar hannu, mai babur ya aiko da tambaya makanike ya amsa, haka mai janareto da mai injin ban ruwa da mai sola. In an ba da dama ina da magana akan baƙin mai na jabu da ake ɗurawa a tsofaffin galan ana liƙewa, ita ma doguwa ce.

Wassalam. Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai gyaran babur,
Daura, Jihar Katsina.